Saba tana sumewa duk bayan kwana uku, wa ke cinye rumbun?

Nasiru Argungu, Talata da dare
Assalamu alaikum jama'a. Masu Java don Allah ku kawo ɗauki, abin ya fi ƙarfina. Akwai manhajar da na rubuta wa wata ƙungiyar manoman shinkafa, muna rajistar masu noman rani: suna, lambar waya, girman gona, hoton mutum da na gonarsa. Wakilai 12 ne ke yawo da wayoyi daga nan Argungu zuwa Augie har Bunza. Tun da aka buɗe rajistar bana sabar, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, ba ta wuce kwana uku sai ta sume. Kafin ta sume sai ta yi ta jan ƙafa kamar jakin da aka jibga wa yashi. In na kashe na kunna sai ta dawo garau. Abin da log ke nunawa shi ne java.lang.OutOfMemoryError: Java heap space. Tomcat 9 ce ke gudanar da manhajar a kan Ubuntu, RAM 4GB. Yanzu haka ta fara jan ƙafar. Shugaban ƙungiya ya kira ni sau huɗu yau, na biyar ban ɗauka ba.

Bashar Jega
Wa alaikumus salam. Mai da ita 8GB ka huta. In kuɗi ne matsala, sa cron, mai gudanar da aiki a lokacin da ka tsayar, ta riƙa tayar da Tomcat ƙarfe uku na dare kullum. Ina da wata da nake yi wa haka shekara biyu ke nan, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Malam Umaru BK
Bashar, kwana ukun su koma shida, shi ke nan abin da ka saya mai. Nasiru, mi ka sa ma -Xmx, iyakar rumbun da Java ka ajiye kayanta, wato heap ɗin da ka gani a log?

Nasiru Argungu
Ban sa komai ba Malam, yadda na same ta na bar ta.

Malam Umaru BK
To ka gani. In ba a sa ba, Java kashi ɗaya cikin huɗu na RAM take ɗauka ta yi rumbunta. Ke nan duk 4GB ɗin da kake biya ma kuɗi, 1GB kaɗai manhajarka ka gani. Ko an bi shawarar Bashar an kai 8GB, rumbun 2GB za ya zama. Kuɗin saba kuwa da dala anka ɗaure shi, ba da naira ba.

Bashar Jega
To ya sa -Xmx2500m mana, kyauta ne. Ba sai an tara taron dangi ba.

Hadiza Yauri
Ya sa, ba laifi, zai sami sarari ya numfasa. Amma Nasiru ƙanena, ka fara gode wa Allah da saƙon da ka gani. Mutuwa iri biyu ce. Akwai wadda Java da kanta take cewa rumbu ya cika, ita ce taka. Akwai kuma wadda Linux ke ganin RAM ya ƙare gaba ɗaya ta zaɓi mai ƙiba a cikin manhajoji ta yanka shi, ba sallama, log ɗinka ba zai ce uffan ba sai ka duba dmesg. Taka mai sauƙin bincike ce, domin ɓarawon yana cikin rumbu, kuma rumbun ana iya ɗaukar hotonsa. Tunda ka ce yanzu tana jan ƙafa, kada ka kashe ta. Nemo lambar aikin da jps, sannan ka buga jmap -histo:live da lambar, ka turo mana layi goma na sama. Za ta ɗan tsaya cak na wasu daƙiƙu saboda sai an yi cikakkiyar shara tukuna, kada gabanka ya faɗi.

Nasiru Argungu
Na yi Yaya. Na farko wani abu ne wai [B, ya ci 640MB shi kaɗai. Na biyu String, bai kai 20MB ba. Ni wallahi ban rubuta wani aji mai suna [B ba.

Ishaya Zuru
Hahaha, kowa da wannan tambayar ya fara. Jerin bayit ne, byte[]. Ba ɓarawon ba ne, kayan satar ne.

Hadiza Yauri
Ishaya ya faɗa daidai. Kusan kowace manhajar Java ka ƙirga, shi za ka gani a sama, domin hoto bayit ne, fayil bayit ne, tun daga Java 9 ma haruffan da ke cikin String a jerin bayit ake ajiye su. Wannan lissafin ya gaya maka shinkafa ce ta cika rumbu. Bai gaya maka ta wane ce ba.

Ishaya Zuru
Tunda an taɓo Java 9, ga wani abin da ya shafe mu masu Hausa. Rubutun da duk haruffansa na Latin-1 ne, bayit ɗaya-ɗaya Java ke ba kowane harafi. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan rukunin. Da zarar ɗaya ya shiga, duk rubutun sai ya koma bayit biyu-biyu. Ke nan Ɗanjuma ya fi Danjuma nauyi.

Bashar Jega
To a daina sa lanƙwasa ke nan.

Malam Umaru BK
Kul. Sunayen manoman Kebbi kakaf ba su cika 640MB, da lanƙwasa ko babu. Ku bar ma harshe haruffansa.

Aisha Aliero
Salam, ni ɗaliba ce a nan Aliero, ku yi haƙuri da tambayar. An koya mana cewa Java tana da mai shara da ke kwashe abin da ba a amfani da shi. To ta yaya rumbu zai cika?

Hadiza Yauri
Tambaya mai kyau ƙanwata. Mai sharar bai san abin da kike amfani da shi ba, abin da ya sani shi ne abin da ke ɗaure. Akwai wasu wurare da yake ɗauka a matsayin turke: zaren aiki da ke gudana, abin da ke cikin hanyar da ake kan aiwatarwa, ajin da aka loda tare da abubuwansa na static. Daga turken yake bin igiya. Duk abin da igiya ta kai gare shi, ko ta hannu goma ta bi, ba zai taɓa shi ba. Wanda ba igiya ya kwashe. In kika manta akuya a ɗaure shekara guda, a wurinsa akuya mai gida ce. Aikin Nasiru shi ne ya gano wane turke ne da wace igiya.

Nasiru, ga yadda za ka ɗauki hoton rumbun. jcmd, lambar aikin, GC.heap_dump, sai sunan fayil mai ƙarewa da .hprof. Duba faifai tukuna da df -h, domin fayil ɗin zai kusan kai girman abin da ke rumbun. Ka yi shi da dare lokacin da wakilai suka tashi, manhajar na tsayawa har a gama. Kuma tun yau ka ƙara -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError da -XX:HeapDumpPath a wurin tayar da Tomcat, ko da ta mutu kana barci ta bar maka hoton kanta.

Nasiru Argungu, Laraba da safe
Jama'a na yi ɓarna. Jiya cajin kwamfutata ya ƙare kafin in ɗauka, ga ba wuta. Da asuba shugaba ya kira wai wakilan Augie sun kasa shiga, na firgita na buga kill -9 na kashe ta da ƙarfi, na tayar da ita. Sai bayan nan na ɗauki hoton. 90MB kacal. Na buɗe a Eclipse MAT, manhajar duba hoton rumbu, na danna Leak Suspects, yana nuna mini wani ajin loda kayan Tomcat wai shi ake zargi.

Malam Umaru BK
Ka share daki sannan ka kira mai bin sawu. Wanga rahoto na Leak Suspects duk wanda ya fi girma shika nunawa, ko da mai gaskiya ne. A rumbun da babu komi, buhu ɗaya ma sarki ne.

Hadiza Yauri
Kada ka goge shi dai, zai yi amfani. Shi ne ma'auninmu na lokacin lafiya. Bar ta ta yi aiki zuwa Juma'a ka ɗauki na biyu, MAT na iya jera biyun ya nuna abin da ya ƙaru.

Bashar Jega
Ni fa abin da nake gani, yaro na cikin tsakiyar rajista, mutane na jiran taki da iri, ku kuma kun mai da shi ɗan makaranta. A tayar da ita kullum har a gama kakar, in an huce a yi binciken. Mai nema ba ya fushi, amma manomi ba ya jira.

Hadiza Yauri
Bashar ban ƙi taka gaba ɗaya ba. Da a ce wata uku take ɗauka kafin ta cika, ni ma cron zan ce. Amma abin da ke cin kusan 200MB a rana da wakilai 12, ranar da aka mai da su 30 ko kwana biyu ba zai kai ba. Kuma in an huce, wakilai sun koma gida, ciwon ba zai sake fitowa ba balle a gan shi. Yanzu ne lokacin kama shi.

Nasiru Argungu, Juma'a bayan La'asar
Na ɗauka, 780MB. Bari in ɗora a Google Drive in sa mahaɗin a nan kowa ya duba.

Malam Umaru BK
Tsaya nan! Kada ka kuskura. Wanga fayil duk abin da ke cikin manhajar a lokacin shina ciki, a fili, ba kulle. Sunan manomi, lambar wayarsa, NIN nasa in kun karɓa, hotonsa, har kalmar sirrin databes ɗinka. Mu nawa ne cikin zauren ga? Mun wuce ɗari biyu, rabi ban san fuskarsu ba. Mutanen ga amana sunka ba ka. Kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar ga, ba zancen kirki ba ne kawai.

Nasiru Argungu
Subhanallah, ko kaɗan ban kawo wannan a raina ba. Na fasa Malam.

Ishaya Zuru
Ka matse shi da gzip kafin ka sauke, ko da yake in hotuna ne suka cika shi ba zai ragu sosai ba, JPEG dama a matse yake. Ka jira datar dare.

Nasiru Argungu, Asabar da hantsi
Ya sauka bayan yankewa biyu. Yanzu kuma shi MAT ɗin ne ke cewa OutOfMemoryError. Likita ya kamu da ciwon majiyyaci.

Hadiza Yauri
Shi ma ai Java ne. Buɗe MemoryAnalyzer.ini a inda ka ajiye shi, za ka ga -Xmx1024m, mai da shi 3g ko 4g in kwamfutarka za ta ɗauka, ka rufe Chrome. In ya buɗe, bar Histogram, tafi Dominator Tree. Za ka ga ginshiƙi biyu, Shallow Heap da Retained Heap. Jera da na biyun.

Aisha Aliero
Anti mene ne bambancinsu?

Hadiza Yauri
Na farko nauyin abu shi kaɗai, kamar buhu ba komai ciki. HashMap ko da abu miliyan take riƙe da shi, nauyin kanta bayit 'yan gomomi ne, domin ba kayan ne a jikinta ba, igiyoyinsu ne. Na biyu shi ne nawa rumbu zai samu in aka cire wannan abin.

Ku da kuka san fadama za ku fi ganewa. A ce injin ban-ruwa ɗaya na shayar da fangali arba'in. In ka kashe injin, duk fangalin da ba shi da wata hanyar ruwa sai ta wurinsa zai bushe. Waɗannan su ne nauyinsa na biyu. Amma fangalin da ke shan ruwa daga inji biyu ba a lissafa shi a kan ko ɗaya, domin ka kashe wannan, wancan na ba shi. Sai a ɗora shi a kan abin da ke sama da su duka, wato rijiyar da injinan biyu ke ja. Haka MAT ke jera komai: kowane abu a ƙarƙashin wanda in ya tafi shi ma dole ya tafi. Shi ya sa wani lokaci za ki ga abu biyu kowanne nauyinsa kaɗan, alhali tare suke riƙe da dutse. A irin wannan sai ki zaɓe su tare ki nemi nauyinsu na haɗin gwiwa.

Malam Umaru BK
Lissafin ma ba sabo ba ne. Lengauer da Tarjan sunka fitar da hanyarsa mai sauri tun 1979, don masu rubuta manhajar fassara kod, ba don wanga aiki ba. Daga baya anka ga ya dace da rumbu.

Nasiru Argungu
Innalillahi. Layi na farko: org.apache.catalina.session.StandardManager, 610MB. A ƙarƙashinsa ConcurrentHashMap, nauyin kanta bayit 64, tana riƙe da kusan duka. Ciki akwai StandardSession guda 431. Wakilai 12 ne fa!

Hadiza Yauri
Madalla, mun iso ƙofar gidan. Wannan shi ne mai tsaron zaman masu shiga, wato session, ajiyar da Tomcat ke buɗe wa duk wanda ya shigo. Kada adadin ya ruɗe ka, buɗe ka ga yadda nauyin ya rabu.

Nasiru Argungu
Yawancinsu ba su kai 2KB ba. Wajen 60 ne masu nauyi, wani 8MB, wani har 25MB. Cikin kowanne akwai ArrayList ɗina mai suna jiranAjiya, ga jerin bayit ɗin nan a ciki.

Ishaya Zuru
Ƙananan nan mutum-mutumin intanet ne masu ƙwanƙwasa kowace saba. Shafin JSP yana buɗe zama ga duk wanda ya taɓa shi in ba ka hana ba. Ba su ne ciwonka ba yau. Mene ne jiranAjiya?

Nasiru Argungu
To bari in faɗi gaskiya. Wakili yakan yi wa mutum goma ko ashirin rajista a ƙauye ɗaya, sai in tara su da hotunansu a cikin zamansa, in ya danna Kammala a zuba a databes gaba ɗaya. Makon farko suka yi ta kuka wai in sabis ya ɗauke suka dawo sai su tarar an fitar da su, aikin ya tafi. Sai na shiga web.xml na mai da session-timeout daga 30 zuwa -1.

Bashar Jega
Hahahaha. Ashe ɓarawon yana cikin zaure yana taya mu cigiya.

Malam Umaru BK
Bar dariya Bashar, niyyar yaron mai kyau ce, kuma duk mun taɓa irinta. Nasiru ga abin da ya faru. Tomcat minti 30 take ba zama, in ba a motsa ba ta kwance igiya. Kai ka ce kada a kwance har abada. Wakili waya ta mutu, ko ya rufe burauza, ko ya buɗe mahaɗin daga WhatsApp, sai ya dawo a matsayin baƙo a buɗe mai sabon zama. Tsohon na nan da hotuna goma, babu mai zuwa ɗauka, babu mai sharewa.

Kuma Bashar, ga wadda za ta ba ka haushi. Tomcat 9 in anka kashe ta cikin ladabi, takan rubuta zaman da ke akwai a fayil SESSIONS.ser, in ta tashi ta maido su, muddin abin da ke ciki mai rubutuwa ne. Da ya bi cron ɗinka, mai yiwuwa da kayan za ta kwana ta tashi da su. Abin da ya sa take dawo mai garau, kill -9 shika yi.

Bashar Jega
To na karɓi wannan. Amma ku amsa mini: ya mayar 30, gobe wakili na Bunza sabis ya ɗauke minti arba'in, rajistar mutum goma sha biyar ta tafi. Wa zai koma ya tara su? Matsalar da ya gudu tana nan.

Hadiza Yauri
Nan kam gaskiyarka, kuma ita ce ainihin maganar. Lokacin ba shi ne laifin ba, ajiye kaya a zama shi ne laifin. Nasiru, duk manomin da aka shigar a rubuta shi a databes nan take da alamar bai kammala ba. Hoton ya tafi faifai, abin da za ka riƙe sunan fayil ɗin kawai. A zama kada ka bar komai sai lambar wakili. In ya dawo ko bayan kwana biyu, ko da wata waya, ya shiga ya tarar da aikinsa. Sannan lokacin ka sa awa biyu ma in kana so, zama mai bayit ɗari ba ya cika rumbu.

Abu ɗaya kafin ka rufe MAT: danna dama a kan ɗaya daga cikin manyan jerin bayit ɗin, Path to GC Roots, wato hanyar zuwa turke, ka cire raunanan igiyoyi. Ka tabbata zaman ne kaɗai ke riƙe da shi. Na taɓa kwance igiya ɗaya na yi ta murna, ashe akwai ta biyu.

Nasiru Argungu
Na duba guda biyar, duk hanya ɗaya suke bi. Na kuma jera da na ranar Laraba, byte[] ne kaɗai ya yi tsalle, sai StandardSession.

Ishaya Zuru
Saura nawa ɓangaren. Me ya sa hoton fuska zai kai 2MB ko 3MB? Rage shi a waya kafin ya taso, faɗin 800 ya isa a gane mutum, ka ga datar wakilai ma ta huta. In kuma a saba za ka rage, yi hattara da ImageIO. Hoton 4000 sau 3000 in aka warware shi, ɗigo miliyan 12 ne, kowanne bayit uku, wajen 36MB ke nan daga fayil ɗin da ka gani ƙarami. Wakilai biyar su turo lokaci ɗaya ka ga abin da zai biyo baya. Irin wannan kuma ba ka kama shi a hoton da ka ɗauka da hannu, domin yana zuwa ya wuce, sai wanda ta ɗauka da kanta lokacin faɗuwa.

Aisha Aliero
Mu da aikinmu na ƙarshe da Python ne fa?

Ishaya Zuru
Fara da tracemalloc, yana cikin Python tun 3.4. Sai dai shi layin da ya nemi memori yake nunawa, ba wanda ke riƙe da shi ba. Buɗe sabon zance mu tattauna, kada mu cakuɗa na Nasiru.

Nasiru Argungu, Laraba
Jama'a ga rahoto. Daren Lahadi na ɗora gyaran. Yau kwana uku, na duba da jstat, bayan kowace shara rumbun yana komawa wajen 120MB, ba ya hawa. -Xmx na sa 2g, RAM na nan 4GB. Wani abin da ban zata ba: cikin tsofaffin zaman nan na ranar Juma'a akwai manoma da ba su taɓa isa databes ba, wakilai na ganin sun yi musu rajista. Na ciro sunaye 140 daga MAT na ba shugaba a koma a same su. Na kwanakin da na yi kill -9 kam sun tafi, sai dai a bi takardun wakilai. Allah ya saka da alheri, Yaya Hadiza, Malam, Ishaya, har da kai Bashar.

Bashar Jega
Har da ni? To na gode. Tawa mai cron ɗin ma zan ɗauki hotonta ranar Asabar in ga me ke ciki, amma ba alkawari.

Malam Umaru BK
Amin. Nasiru, fayilolin .hprof guda biyu, na kan saba da na kwamfutarka, ka goge su?

Nasiru Argungu
Na saba na goge. Na kwamfuta sai shugaba ya tabbatar an samu mutum 140 ɗin, ranar Litinin in sha Allah.